Kumburin ƙafar Inna: tausar direnaj za ta yi magani?

"Assalamu alaikum Anti. Daga Garwa nake rubuto miki. Mahaifiyata ta haura shekara 55, ƙafarta ta hagu ta fi shekara shida a kumbure, daga yatsu har kusa da gwiwa. Da can in ta kwana sai kumburin ya sace, yanzu ba ya sacewa. Duk damina sai zazzaɓi mai rawar ɗari ya kayar da ita sau biyu ko uku, ƙafar ta yi ja ta ɗauki zafi, kaluluwa ta fito mata a matsematsi. An kai ta wajen wanzami ya yi mata tsaga, an yi ƙaho, ba sauƙi. Yanzu wata mai gyaran jiki a unguwarmu ta ce tana tausar direnaj, wai tana wanke hanyoyin limfa ta fitar da dattin jiki, jaka goma kowane zama, sai an yi zama goma, da wani shayi da take haɗawa. Ni ma tela ce, da yamma ƙafafuna kan yi nauyi su ɗan kumbura, ta ce ni ma limfata ta toshe. Anti, mu biya? In ba haka ba, me za mu yi wa Inna?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Kin kyauta da kika tsaya tambaya kafin ki kwance bakin zani, don jaka ɗari ba ƙaramin ɗinki ba ne.

Tambayarki gida biyu ce, kuma mai gyaran jikin ta haɗe su wuri guda don ta sayar muku da abu ɗaya. Ƙafar Inna ciwo ce mai buƙatar a duba ta a asibiti, a kuma kula da ita kullum har iyakar rayuwa. Ƙafarki kuwa, yadda kika bayyana ta, ta fi kama da gajiyar zama. Ni aikina gashin ƙashi ne, "kine" kamar yadda ake kiranmu a asibitocin nan, kuma tausar da ake magana a kanta ina yin ta da hannuna. Duk da haka amsata ita ce kada ku biya yanzu. Tausar gaskiya ce, tana da wurinta, amma a cikin abubuwan da ƙafar Inna take nema ita ce ta ƙarshe, kuma akwai ranakun da in aka yi mata ita za a ƙara mata ciwo ne.

Aikin da limfa take yi

Duk inda jini ya ratsa ta ƙananan jijiyoyinsa, wani ruwa yakan tsattsafo daga ciki ya shiga tsakanin nama, ɗauke da abinci da furotin. Wannan ruwan ba ya komawa duka ta hanyar da ya fito. Akwai wasu siraran hanyoyi dabam, da yawansu dab da ƙarƙashin fata, da suke kwashe shi, su bi da shi ta cikin ƙwayoyin kaluluwa a tace, sannan su haɗu su zuba cikin jijiyar jini a gindin wuya. A rana ɗaya, lita 2 zuwa 4 ne ke komawa jini ta wannan hanya. Ƙwayoyin kaluluwar nan kowa yana da su, wajen 500 zuwa 600, a wuya, da hammata, da matsematsi, da cikin ciki. Ba a jin su sai sun kama faɗa da cuta sun kumbura, shi ya sa mutum in ya yi tuntuɓe yatsa ya ruru, sai ya ji ƙullutu a matsematsi.

Jini yana da zuciya mai tura shi. Limfa ba ta da irin wannan. Abin da ke tafiyar da ita shi ne motsin hanyoyin da kansu, da matsawar tsoka in mutum yana tafiya, da numfashi, ga kuma wasu 'yan ƙofofi a ciki masu hana ruwan komawa baya. A jikin mai lafiya wannan tsari yana da ƙarfin kwashe ninkin abin da ake ba shi sau da yawa. Ba ya cushewa da datti don an ci maiƙo ko an kwana biyu ba a yi gumi ba. Tace abin da jiki ba ya so aikin hanta da ƙoda ne.

Amma in hanyoyin suka lalace, sai lamarin ya zama kamar kwatar unguwa da ta rushe: ruwan da ya rasa mafita ba ya tsayawa ruwa zalla. Furotin ɗin da ke cikinsa yana sa nama ya yi tauri, kitse ya taru, fata ta yi kauri ta ninke. Abin da kika faɗa cewa da can kumburin yana sacewa da safe yanzu ya daina, wannan ce fassararsa.

A fara sanin wane kumburi ne

Ban ga ƙafar Inna ba, ban taɓa ta ba, kuma rubuta magani ba hurumina ba ne. Abin da zan iya yi shi ne in gaya miki yadda muke rarrabewa, don ki san abin da za ki tambayi likita.

Kumburin da ya kama ƙafa biyu lokaci guda, musamman in akwai haki, ko mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, ko fuska tana tasawa da safe, ko ciki ya ɗauki ruwa, wannan zuciya ce ko ƙoda ko hanta ake fara tuhuma. Tausa irin wannan ƙafar kora ruwa ne zuwa ga zuciyar da dama ta gaza. Mata masu jego ma a kula da su: likitocin Zariya sun rubuta tun shekarun 1970 yadda kunun kanwa mai yawa da kwanciyar gadon wuta suke da hannu a ciwon zuciyar bayan haihuwa, kuma al'adar nan muna da ita a gidajenmu na nan. Wani maganin hawan jini mai suna amlodipine shi ma yakan kumbura idon sawu, sai a gaya wa likita ya duba, kada a daina sha da kai.

Ƙafa ɗaya da ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, da ciwo a sha-raɓa, bayan doguwar tafiya, ko tiyata, ko haihuwa, ko doguwar jinya, wannan ana tsoron jini ne ya daskare a jijiya. Mai wannan asibiti za a kai shi a ranar, kuma hannu ba ya taɓa wurin, don gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu.

Na Inna ya fi kama da na limfa: ƙafa ɗaya, shekaru, daga yatsu ya faro, ga zazzaɓi yana dawowa. Ga gwaji ɗaya da za ki iya yi yau. Ki kama fatar da ke saman gindin yatsanta na biyu, mai bin babban yatsa, ki gwada ɗago ta da yatsunki biyu. A lafiyayyar ƙafar za ki ga ta ɗago siririya. In a mai ciwon ta ƙi kamuwa sam, alama ce mai ƙarfi ta kumburin limfa. Duk da haka a kai ta asibitin yanki a auna hawan jini, da sukari, da fitsari, da aikin ƙoda, likita ya lalubi ciki da matsematsi. A shekarunta dole a tabbatar ba wani ƙari ba ne a mara yake danne hanyar, musamman in tana ramewa ko tana ganin jini bayan ta daina al'ada.

Me ya lalata hanyoyin

A ƙasarmu abu na farko da ake tunani shi ne tundurmi. Wata siririyar tsutsa ce mai suna Wuchereria bancrofti, sauro ke ɗaukar 'ya'yanta daga jinin wani ya kai wa wani, kuma a karkarar Afirka galibi sauron da ke kawo maleriya shi ne dai yake wannan aikin. Tsutsar takan zauna cikin hanyoyin limfa shekara 6 zuwa 8, tana buɗa su tana lalata ƙofofinsu. Yawanci tun ana yara ake kamuwa, kumburin bai fito ba sai an girma. A maza ita ce ke kawo yawancin gwaiwar da ake gani a wuraren da cutar take, kuma gwaiwa tiyata ce maganinta, tana warkewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar a shekarar 2000. Kin tuna masu zuwa gida-gida da sandar awon tsayi suna raba Mectizan da albendazole? Wani ɓangare na aikinsu ke nan. Togo ta kai ga kawar da ita a 2017, Malawi a 2020. Sai dai mutane da yawa sun sha ƙwayoyin nan suna jiran ƙafa ta sace, da ba ta sace ba suka ce maganin banza ne. Ba don haka aka yi su ba. Suna kashe 'ya'yan tsutsar da ke yawo a jini don kada sauro ya kai wa jikokin Inna. Hanyar da ta riga ta lalace ba sa gyara ta. Haka kuma kada ki yi mamaki in aka yi gwajin jini aka ce ba a ga komai ba. 'Ya'yan tsutsar da tsakar dare suke fitowa jini, kuma a wanda ƙafarsa ta daɗe da kumbura, sau da yawa tsutsar ta mutu tuntuni, ɓarnarta ce ta rage.

Akwai na biyu wanda ba ruwansa da sauro. Jar ƙasa ta wuraren tuddai masu tsohon aman wuta, in mutum ya shekara da shekaru yana noma a cikinta ba takalmi, ƙananan ɓarɓashinta suna ratsa fata su toshe hanyoyin limfa. Habasha ce ta fi kowa fama da shi, a Kamaru kuma an fi saninsa a tuddan Arewa maso Yamma, wajen Bamenda. Shi yakan kama ƙafa biyu, ko da ɗaya ta fi ɗaya, kuma ba kasafai yake wuce gwiwa ba. Ki tambayi Inna inda ta yi ƙuruciyarta, likita zai so ya sani.

Ko wanne ne daga ciki, ba sammu ba ne, ba ta taka komai ba, kuma ba a ɗauka ta cin abinci kwano ɗaya ko wanke mata ƙafa. Na faɗi wannan ne don na sha ganin tsohuwa an ware mata buta da tabarma a gidan da ta haifi kowa.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Abin da ke ƙara girman ƙafar shekara bayan shekara shi ne zazzaɓin nan na damina. Ƙwayoyin bakteriya ne suke shiga ta wata 'yar kafa a fata: cin ruwa a tsakanin yatsu, faso a dunduniya, ƙaiƙayin da aka sosa, ko tsagar aska. Ƙafar da limfarta ba ta aiki ba ta iya kare kanta, sai cutar ta bazu a ƙarƙashin fata. Kowane tashi ɗaya yana ƙone wasu hanyoyin da suka rage, ƙafar ta sauka daga zazzaɓin ta fi yadda ta shiga. Shi ya sa tsaga da ƙaho a kan wannan ƙafar suke cutarwa. Ruwan da ake gani yana tsiyaya ana murna, cikin kwana biyu wani ya maye gurbinsa, ƙofar da aka buɗe wa cuta kuwa tana nan. Ba faɗa nake da wanzamai ba, amma wannan ƙafar a ɗauke mata aska har abada.

Ita tausar

Wani mutumin Denmark, Emil Vodder, da matarsa Estrid ne suka tsara ta a kudancin Faransa a farkon shekarun 1930, suka gabatar da ita a Paris a 1936. Daga baya likitoci a Jamus, musamman Michael Földi da matarsa Ethel, suka haɗa ta da naɗin bandeji, da kula da fata, da motsa jiki, ya zama tsari guda mai ƙafa huɗu. Mu da muka yi karatu da Faransanci an fi koya mana salon Albert Leduc na Beljiyam. Duk cikinsu ba wanda ya ce tausa kaɗai ta isa.

Yadda ake yin ta ma ya saɓa wa abin da muka saba kira tausa. Ba a fara ta daga inda ya kumbura. Mai ciwon ƙafa in ya kwanta, a gindin wuyansa nake fara sa hannu, sannan ciki tare da dogon numfashi, sannan matsematsi, sannan cinya, sai can daga baya in sauko ƙwauri, kullum ina kora ruwan sama zuwa inda na riga na buɗe masa wuri. Hannun ba ya danna nama. Fatar kawai yake ɗan ja a hankali ya sake ta, ya ja ya sake. Ba ciwo, ba ja, kusan ba mai. Tsofaffi da yawa sukan ɗago kai su ce, "'Yata, ki danna mana, ko ba ki karya ba ne?" Sai na yi bayani cewa hanyoyin da nake nema a saman nan suke, in na danna na rufe su. To in kika ga ana murza ƙafa da ƙarfi, ana birgima mata katako, mutum yana cije baki, ko ya tashi da tabo, ko me aka kira shi ba direnaj ba ne.

Amfaninta kuma a faɗe shi daidai gwargwado. Masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan matan da hannunsu ya kumbura bayan jinyar sankarar mama, suka fitar da bayani a 2015: tausar ba ta da haɗari a gare su, kuma tana iya ƙara ɗan ragi a kan abin da bandeji ya riga ya rage, musamman in kumburin bai yi nisa ba. Abin da nake gani ke nan a wajen aiki. Bayan zama ɗaya ƙafa takan yi laushi, mutum ya ji ta yi sauƙi, ya yi fitsari da yawa. In ya tashi ya tafi ba a naɗe ta ba, kafin gobe da yamma ruwan ya dawo. Zama goma ba bandeji, ba wankin ƙafa, jin daɗin kwana goma ne.

Kuma ba a yin ta sam a ranar da ƙafa ta yi ja da zazzaɓi, ko ana zargin daskarewar jini, ko zuciya ta gaza. Wanda bai tambaye ki waɗannan ba kafin ya sa hannu, bai san aikin ba. Na'urar nan mai kama da wando da ake hura wa iska, da ta fara shigowa shagunan gyaran jiki, ita ma hukuncinta ɗaya: tana taimakawa a hannun wanda ya san wa ya dace da ita.

Abin da za ku fara daga daren yau

Roba mai tsabta, ruwa mai tsabta wanda ba zafi, sabulu na gari marar turare, da ƙyalle mai laushi. Ke tela ce, ki yanka tsohuwar atamfa ta auduga sirara-sirara kamar faɗin yatsa biyu. Inna ta zauna a kujera, a wanke ƙafar daga gwiwa zuwa ƙasa har ruwan ɗauraya ya fita fes. Sai a zura ƙyallen nan tsakanin kowane yatsa da ɗan'uwansa, a ja shi gaba da baya a hankali, haka ma cikin kowane ninki na fata. Ban da soso mai kaushi, ban da dutsen goge ƙafa, ban da reza a kan faso. Sannan a tsane da busasshen ƙyalle, ana dannawa ba gogewa ba, tsakanin yatsun nan su bushe ƙarau. Safe da dare, in ya gagara to na daren kada ya wuce. A wanke ɗaya ƙafar ma.

Wurin shanyawar nan ne aka fi sakaci, kuma ga dalili. Inna tana alwala sau biyar, tana zura silifas da jiƙaƙƙiyar ƙafa, yatsun da suka kumbura sun manne da juna, iska ba ta shiga. Tsakaninsu ba ya bushewa daga asuba har lisha. A ajiye mata ɗan tawul kusa da butarta. Kullum in ana wanki a buɗa yatsun a duba da fitila: in fatar ta yi fari ta jiƙe ko ta tsage, a nemi man cin ruwa irin su clotrimazole a kantin magani. Sauran fatar kuma a shafe ta da man kaɗanya ko basilin, musamman da hunturu in iskar nan ta fara fasa dunduniya, amma kada a cusa mai a tsakanin yatsu. Farce a yanke shi a miƙe, kada a shiga lungu.

Kada wannan ya yi miki kama da ƙaramin abu. A Habasha an gwada shi a kan masu kumburin jar ƙasa, aka fitar da sakamako a 2018: waɗanda aka koya wa wanke ƙafa, da shafa mai, da sa safa da takalmi, tashin zazzaɓinsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Akwai kuma maganin doxycycline na mako shida da wani bincike a Ghana ya sa aka sa rai da shi a 2012, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya a Mali da Indiya da Sri Lanka ba su nuna ya ƙara wani abin a zo a gani a kan tsabtar da aka riƙe da gaske ba. Likita ne zai ce ko Inna tana buƙatarsa.

Takalmi dole ne, ko a tsakar gida. In na kasuwa ba ya shiga, a kai wa baduku awon ƙafar ya yi mata mai faɗi, mai maɗauri da ake sassautawa, wanda ba ya gurzar fata. Da dare a ɗaga ƙafar gadon ta wajen sawu da bulo ɗaya, ko a cusa matashi ƙarƙashin katifa, yadda ƙafar gaba ɗaya za ta ɗan fi ƙirji tudu, in dai likita ya ce zuciyarta lafiya. Da rana in tana zaune tana tsintar shinkafa, a sa mata kujera 'yar tsugunno ta miƙe ƙafar a kai. Ta riƙa juya idon sawu, tana ɗaga yatsu sama tana sauke su, in ta tashi ta dafa bango ta yi ɗage a kan yatsu ta sauko, sau da yawa a yini. Kada a hana ta tafiya da sunan tausayi. Gidan sauro kuma kowa a gidan.

Ranar da zazzaɓin ya taso, dokar ta canza. A daina motsa ƙafar, a cire duk wani naɗi, a ɗaga ta, a riƙa ɗora mata ƙyalle mai ruwan sanyi, ta sha ruwa da paracetamol, a kai ta asibiti a ranar don a ba ta maganin kashe bakteriya, ta kuma shanye shi duka. Ban da ruwan zafi, ban da fasa bororo, ban da shafa haɗin gargajiya a kan fatar da ta buɗe. A nan kowane zazzaɓi maleriya muke ce masa, sai a sayi maganinta a sha, ƙafa tana can tana ci. A gwada maleriyar, amma a nuna wa ma'aikacin lafiya ƙafar. In ta fara ruɗewa, ko amai ya hana ta riƙe magani, ko jan yana hawa cinya da sauri, ko da tsakar dare ne a tafi. In kuma tashin ya ci gaba da yawa duk da tsabta, akwai penisilin na kariya da likita kan ɗora mutum a kai na tsawon lokaci.

Bandeji shi ne abin da ya fi rage girman ƙafa, kuma shi ne na fi jin tsoron in ce ku yi da kanku. Akwai irin wanda ba ya miƙewa sosai, shi ake so, ana naɗa shi hawa-hawa daga yatsu zuwa gwiwa da auduga a ƙarƙashi, matsin ya fi ƙarfi a ƙasa. Mai roba da ake sayarwa don targaɗe, in aka ɗaure shi tamau aka kwana, yana iya yanke fata ko ya tare jini. Mai ciwon sukari ko wanda jinin ƙafarsa ba ya gudu sosai, sai an auna shi tukuna. Ga zafin Garwa a watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, bandejin da ba a wankewa kullum shi kansa gidan cuta ne. In za ku kashe kuɗi, nan ne wurinsa: zama kaɗan wajen kine, ya duba fatar, ya naɗa, ya koya miki naɗin da tausar da za ki riƙa yi mata a gida, daga baya a auna mata safar matsi daidai ƙafarta. Ki ɗauki tef ɗinki na awo ki auna ƙafar da safe a wuri uku, tsakiyar sawu, saman idon sawu, da tsakiyar sha-raɓa, ki rubuta a littafin awon kwastomominki duk farkon wata, tare da ranakun zazzaɓi. Da wannan za ku gane ko abu yana aiki, ba da bakin mai sayarwa ba.

Gara in gaya miki tun yanzu, ƙafar da ta shekara shida ba za ta koma kamar 'yar'uwarta ba. Abin da ake samu shi ne zazzaɓi ya ja baya, wari da tsiyaya su tsaya, nama ya yi laushi, awo ya ragu ko ya tsaya inda yake. Kuma kada kowa ya ba ta Lasilix, maganin nan mai sa fitsari, don wannan kumburin. Yana jan ruwa ya bar furotin, ƙafar ta ƙara tauri, ita kuma ta bushe.

Duk abin da na faɗa ya hau kan hannun macen da aka cire wa ƙwayoyin kaluluwa na hammata, ko aka gasa mata wurin da hasken na'ura a Duwala saboda sankarar mama. Kusan ɗaya cikin biyar sukan samu kumburin, wani lokaci bayan shekaru. Da can ana hana su ɗaukar komai da hannun, har wani gwaji a Amurka a 2009 ya nuna ɗaga nauyi sannu a hankali, da safar matsi a hannu, bai ƙara kumburi ba, ya ma rage tashinsa. Su yi aikin gidansu, a dai fara da kaɗan, a kiyayi ƙuna da yankan wuƙa.

Shayin, da kuma ƙafarki

Ki tambaye ta me ke cikin shayin. Irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da fitsari. Mutum ya kwana yana zarya bayan gida, ciki ya lafe, ya ce datti ya fita, alhali ruwan jikinsa da gishirinsa ne suka tafi. Ga tsohuwar da ba a auna ƙodarta ba, wannan kasada ce. Dilka da halawa da turaren tsugunno ban hana ki ba, gyara ne, kuma 'yan'uwanmu na Chadi sun iya shi. Amma ba a kan ƙafar Inna ba: halawa tana ɗaye fata, dilka tana gurza ta, zafin hayaƙi kuma yana ƙara kumburi.

Ke kuwa limfarki ba ta toshe ba, in dai kumburin na ƙafa biyu ne, da yamma yake zuwa, da safe ya tafi. Jini da ruwa ne suke taruwa a ƙasa don kin yini ƙafa a rataye, ga zafi. Direbobin da ke jan mota zuwa Kuseri da wanda ya kwana zaune a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde duk sun san shi. In kekenki na taka-taka ne ma kin fi mai na lantarki sa'a, don takawar nan ita ce ainihin motsin da ke tura ruwan sama, sai dai ki riƙa sa ƙafa biyu. Duk bayan kamar rabin awa ki miƙe, ko yanka ne ki yi shi a tsaye. Ki rage gishiri da dunƙule a miya, ki sha ruwa, in kin dawo gida ki kwanta ki jingina ƙafafu a bango na minti goma sha biyar. In kina son tausa don daɗinta kuma kina da kuɗin, ki yi abinki. Amma in kumburin ya fara kwana bai sace ba, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ko kina da juna biyu ga ciwon kai da kumburin fuska, ki rufe shago ki je a auna ki a ranar.